KUMFA KAFIN TSUMMA: Wankin Mota a Gida da Igwar Kumfa

Da sanyin safiya, kafin mai gida ya gama karin kumallo, akwai wani aiki da ake yi a dubban gidaje a ƙasar nan, tun daga Surulere a Legas har zuwa Unguwar Rimi a Kaduna da Nasarawa a Kano. Direba, ko mai gadi, ko wani yaron gida yakan ɗebo ruwa bokiti guda, ya barbaɗa omo a ciki, ya samo tsohuwar singileti, ya shiga dirzar mota tun daga taya har rufi. Kafin minti 20 mota ta yi fes, mai gida ya fito ya yaba, ya shiga ya tafi ofis. Ran da ruwa ya yi wuya kuwa, ko bokitin ma ba a ɗauka, sai a kaɗe ƙura da busasshen tsumma.

To, amma duk wanda ya tsaya kusa da irin wannan mota da tsakar rana, musamman idan baƙa ce ko shuɗiya, ya dubi inda hasken rana ya faɗa a kan bonet, zai ga wasu siraran zane-zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Mai motar yakan ɗora laifin a kan ƙaya ko 'yan acaɓa, alhali kuwa wankin nan na kowace safiya shi ne ya yi su. Garin gyaran gira ake ta rasa ido ba a sani ba.

A da, wannan ba wani abin damuwa ba ne ƙwarai ga mai hali, domin in fenti ya dushe sai a sake wani, ko a sake motar ɗungurungum. Amma tun daga shekarar 2023, lokacin da gwamnati ta janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na fenti suka yi tashin gwauron zabo. Wanda yake da mota yanzu lallaɓa ta yake yi, domin bai san ranar da zai sayi wata ba. A cikin wannan hali ne wata na'ura ta fara yawaita a kantuna da wuraren wankin mota na manyan birane, har ta shiga gidajen jama'a. Turawa sun yi mata laƙabi da sunan igwa, watau babbar bindiga, saboda yadda take aman kumfa. Cikin minti guda takan lulluɓe mota da farar kumfa tamkar an zazzage mata buhun auduga. Abin yana da ban sha'awa a ido, mutane da yawa kuma don wannan sha'awa suke sayenta. Saboda haka ya dace a san aikin da take yi, da wanda ba ta yi, kafin a zuba kuɗi.

ABIN DA KE KASHE FENTI

A shekarar 1975, lokacin da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, waɗanda jama'a ke kira Fijo, yawancin motocin wancan zamani launinsu da ƙyallinsu a shafe ɗaya suke. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke tuna yadda tsumma kan ɗauko launin mota idan an goge ta da mai. Daga shekarun 1980 zuwa yau kuwa, masana'antu sun koma yin fenti hawa-hawa. Akwai shafen farko mai hana tsatsa, da na biyu mai daidaita jikin ƙarfe, da na uku mai ɗauke da launi, sa'an nan a rufe da wani shafe marar launi, garai-garai kamar gilashi. Wannan na ƙarshe shi ne rigar fenti. Shi ke ba mota ƙyalli, shi ne kuma ke kare launi daga zafin rana.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar wannan kariya. Idan aka haɗa dukan hawa huɗun nan, kaurinsu bai cika wuce na takardar rubutu ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Rigar saman ita kaɗai kuwa, a yawancin motoci ba ta kai kaurin silin gashin kan mutum ba. Duk zanen da aka yi wa mota a kan wannan 'yar siririyar riga yake sauka. Ana iya kai mota wurin masu goge fenti da inji su ɓatar da zanen, amma yadda suke yi shi ne su ƙanƙare rigar har ta yi daidai da zurfin zanen. Ke nan kowace guga tana rage ta, ba ta kuwa tsirowa. In ta yi siriri ƙwarai sai rana ta cinye ta, ta fara yin fari-fari tana ɓarewa, kamar yadda ake gani a rufi da bonet na tsofaffin motoci da yawa a kan titi. Daga nan babu sauran magani sai sabon fenti.

Abokin gabar wannan riga kuwa shi ne yashi. A shekarar 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin abubuwa daga 1 zuwa 10. A bisa wannan ma'auni farcen mutum yana kan biyu da rabi, gilashin taga yana wajen biyar da rabi, ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi kuwa yana kan 7. Watau ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, balle fenti. A Nijeriya kuwa ba a rabuwa da ita. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu takan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a zamanin da ƙasan wani ƙaton tafki ne, ta watsa ta har bakin teku. Da damina kuma ga taɓo da jar ƙasa. Idan aka ɗora tsumma a kan wannan ƙura aka dirza, tsumman ya zama takardar guga irin ta kafinta. Idan kuma aka mai da shi cikin bokitin da aka wanke taya da shi, to, an sake yi masa lodin yashi ke nan.

YADDA IGWAR TAKE

Igwar kumfa ba ta aiki ita kaɗai, a bakin injin feshin ruwa mai ƙarfi ake ɗaura ta. Shi wannan inji ya daɗe a duniya. Wani injiniya Bajamushe mai suna Alfred Kärcher ya ƙera irinsa mai fesa ruwan zafi a shekarar 1950, a shekarar 1984 kuma kamfaninsa ya fito da ƙarami wanda mutum zai iya ɗauka ya yi aiki da shi a gida. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin sa, wasu na lantarki, wasu na fetur. Ƙananan na gida sukan tura ruwa da ƙarfin da ya kai 110 zuwa 150 a ma'aunin bar. Domin a gane girman wannan, iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar biyu da 'yan kai ba. Ke nan ƙarfin ruwan ya ninka na iskar taya sau 50 ko fiye.

Ita igwar abu ce mai sauƙin ƙira. Akwai kwalbar roba mai cin lita guda, inda ake zuba sabulun ruwa. A samanta akwai kai, wanda a masu kyau da tagulla ake yin sa. A cikin kan nan akwai wata 'yar kafa ƙarama, wadda faɗinta yawanci milimita 1.25 ne, ta nan ruwan inji ke kutsawa. Da yake hanyar ta tsuke, sai ruwan ya ƙara gudu, gudun nan kuma ya sa ya zuƙo sabulu daga kwalba ta wani siririn tiyo, ya zuƙo iska ta wasu ƙofofi. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Giovanni Battista Venturi, shi ya bayyana wannan ɗabi'a ta ruwa a shekarar 1797, kuma da ita kafiretar tsofaffin motoci ke zuƙo fetur. Daga nan ruwa da sabulu da iska sai su ratsa ta cikin wani curin ragar ƙarfe mai kama da soson wanke tukunya, wanda ke kaɗa su su fito kumfa. Akwai maƙunni a sama na ƙara ko rage sabulu, da wani a baki na faɗaɗa feshi ko tsuke shi.

Akwai kuma ƙanwarta, bindigar kumfa, wadda ake ɗaurawa a mesar famfo ba tare da inji ba. Ta fi araha, amma kumfarta ruwa-ruwa ce, ba ta daɗewa a jikin mota, kuma tana bukatar famfo mai ƙarfi, abin da ba kowace unguwa ke da shi ba.

AIKIN KUMFA DA IYAKARTA

Kowace ƙwayar sabulu tana da kai biyu: ɗaya yana son ruwa, ɗaya yana son maiƙo. Mai son maiƙo yakan kama datti, mai son ruwa kuma ya ja shi zuwa cikin ruwa. Sabulu yana kuma sa ruwa ya saki jiki ya shiga ƙarƙashin ƙura maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. Amma wannan aiki yana son lokaci, kamar yadda mai wanki ke jiƙa tufafi kafin ta cuɗa. Ruwan sabulu idan aka watsa a ƙofar mota nan take yake gangarewa ƙasa. Kumfa kuwa takan manne ta yi minti uku zuwa biyar, tana jiƙa datti, tana gangarowa a hankali da abin da ta kwance. Idan aka bi ta da ruwan inji, mafi yawan yashin yakan tafi ba tare da hannu ya taɓa fenti ba. Wannan shi ne amfanin igwa gaba ɗaya: ta rage yashin da tsumma zai tarar.

Daga nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, suna zaton an gama wanki. Akwai wani siririn datti da ke mannewa a jikin mota, haɗin hayaƙin dizal da maiƙon titi da ƙurar birki, wanda duk mai bin hanyar Apapa ko ta Abuja zuwa Kaduna ya san shi. Kumfa ba ta cire shi duka. Wanda ya fesa kumfa, ya ɗauraye, ya ɗauko tawul ya tsane mota, ya goga wannan datti ne a kan fenti. Haka kuma kumfa ba ta cire ɗigon kwalta, ko ƙaron itace, ko kashin tsuntsu da na jemage da ya bushe. Tilas hannu ya biyo baya, sai dai zai biyo ne a kan jikin da ya riga ya rabu da yashi.

Kuskure na biyu shi ne auna kyan sabulu da kaurin kumfa. Masu sayarwa sun san ido na son kumfa mai tauri kamar ta aski, suna kuwa haɗa sabulun da zai ba da ita. Amma kumfar da ta cika tauri takan tsaya cak, iska ce mafi yawanta, ɗan abin da ya taɓa fenti ne kaɗai ke aiki. Wadda ta fi amfani ita ce mai ɗan danshi, wadda ke rufe jiki sa'an nan ta riƙa zamewa sannu a hankali.

ZAƁEN SABULU

Omo da sabulun wanke kwanoni an yi su ne domin su kashe maiƙo, suna kuwa yin haka ba sani ba sabo. Sukan wanke kakin da aka shafa wa mota domin kariya, yawan amfani da su kuma yakan sa robobin gilashi da baƙaƙen robobin jiki su yi furfura. Garin omo yana da wani aibin kuma: ƙwayoyin da ba su narke ba suna toshe ragar igwa, in sun shiga tsumma kuma suna iya zana fenti. Sabulun mota na ruwa shi ya dace, kuma iri biyu ne. Akwai mai sanyi, wanda masu harhaɗawa ke rubuta lamba 7 ko kusa da ita a ma'aunin pH a jikin kwalbarsa. Wannan shi ne na wankin mako-mako, ba ya cin kaki. Akwai kuma mai kaifi, wanda lambarsa ta kai 10 ko fiye, na motar da ta dawo daga doguwar tafiya da datti mai yawa. Ya fi cire datti, amma yawan amfani da shi yana rage kaki, in ya bushe a jiki kuma yakan bar tabo a kan roba da farin ƙarfe.

Wajen haɗi, a bi abin da aka rubuta a kwalba. Yawancinsu kashi ɗaya na sabulu ne da kashi tara ko goma na ruwa a cikin kwalbar igwa, watau wajen mililita 100 a lita guda, rabin kwalba kuma yakan ishi ƙaramar mota. Ana fara zuba ruwa kafin sabulu, don kada kumfa ta cika kwalbar tun ba a fara ba. Ruwa mai ɗumi ya fi narkar da shi. Wanda yake amfani da ruwan rijiyar burtsatse kuma ya lura, domin a wasu wurare ruwan yana da gishirin ƙasa mai yawa, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi. Irin wannan ruwa yana kashe kumfa, kuma idan ya bushe a jikin mota yakan bar fararen ɗigo masu wuyar fita.

YADDA AKE WANKIN

Sharaɗi na farko shi ne inuwa. A yi wanki da sassafe ko da la'asar sakaliya, jikin mota da sanyi. Idan aka ɗora bayan hannu a bonet aka ji zafi, to, a dakata. Kumfar da ta bushe a kan fenti mai zafi ta fi dattin da aka zo cirewa illa, da hunturu kuwa iska busasshiya ce, bushewar ba ta da wuya.

A fara da tayoyi da ƙarafunansu, da bokitinsu da burushinsu dabam, domin nan ne yashi da ƙurar birki suka fi taruwa. Abin da ya taɓa taya kada ya taɓa fenti har abada. Sa'an nan a ɗauraye jikin motar da ruwa zalla daga sama zuwa ƙasa. Masana wannan aiki sun rabu biyu a nan: wasu suna ganin a fesa kumfa a kan busasshiyar mota domin ta fi kamawa, wasu suna ganin a fara da ruwa. Ga motar da ƙurar hunturu ta lulluɓe, ko wadda taɓo ya daskare a gefenta, farawa da ruwa ya fi, domin kumfa ta sami ainihin dattin da ya manne ta yi aiki a kansa.

Bayan haka a ɗaura igwa, a fesa kumfa daga ƙasa zuwa sama, saboda ƙasan ne ya fi datti, ya fi kuma bukatar jiƙo. A bar ta minti uku zuwa biyar ana kallonta, da an ga ta fara bushewa a wani gefe a ɗauraye ko da lokacin bai cika ba. A wannan tsakani ana iya bin lungunan tambari da murfin tanki da gefen fitilu da burushi mai laushi. Sai a cire igwa, a ɗauraye sarai.

Yanzu ne hannu zai shiga, da bokiti biyu. Ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. A maimakon singileti ko soso, a nemi safar hannu ta wanki mai gashi-gashi, wadda ake yi da zaren maikurofaiba, domin tana janye yashi zuwa cikin gashinta maimakon ta danne shi a kan fenti. A tsoma a ruwan sabulu, a wanke rufi, a ɗauraye safar a bokitin ruwa zalla, a matse, sa'an nan a koma na sabulu. Haka za a bi gilasai, da bonet, da but, da saman ƙofofi, a bar ƙasan ƙofofi da bamba su zama na ƙarshe. A riƙa jan hannu a miƙe, ba tare da dannawa ba. Wasu sukan sa wata ragar roba a gindin bokiti domin yashin da ya kwanta kada ya sake tasowa. Wanda ya dubi bokitin ɗauraya bayan an gama, ya ga abin da ya taru a gindinsa, ba zai sake wanki da bokiti ɗaya ba. Idan safa ta faɗi ƙasa kuwa, ta gama aiki a ranar sai an wanke ta.

Daga ƙarshe a sake ɗaurayewa daga sama zuwa ƙasa, a tsane da tawul mai laushi mai tsabta kafin iska ta busar da ruwan. Ita ma igwar tana da hakki: a cika kwalbarta da ruwa zalla a fesa na ɗan lokaci, domin sabulun da ya bushe a cikin raga shi ne ke sa a wayi gari tana fitar da ruwa tsararo. Idan hakan ta faru, a kwance ragar a jiƙa ta a ruwan zafi, ko a sake sabuwa.

LISSAFIN RUWA DA WUTA

Masu talla sukan ce injin feshi yana tsimin ruwa. Gaskiya ne, amma ya danganta da abin da aka gwada shi da shi. Ƙaramin inji yana shan lita shida zuwa takwas a minti, kuma sai an matsa kunama yake fitar da ruwa. Idan aka matsa ta na jimillar minti 10, lita 70 ke nan ko kusa da haka. A haɗa da bokitai, wanki ɗaya zai ci wajen lita 100, watau jarka huɗu ta 'yan ga-ruwa mai cin lita 25. Wannan bai kai abin da mesa ke zubarwa ba idan aka bar ta a buɗe tun farkon wanki har ƙarshe. Amma ya ninka bokiti ɗayan nan na mai gadi sau biyar. Ga mai sayen ruwa a kura, wannan lissafi ne da ya kamata ya yi tun kafin ya je kanti. Abin da ke rage nauyin shi ne cewa wanki mai kyau sau ɗaya a mako ya fi wa fenti alheri bisa dirzar kowace safiya. A sauran ranaku a goge gilasai da madubai da fitilu domin gani, a bar jiki da ƙurarsa, ko a lulluɓe motar da rigarta tun tana da tsabta.

Ta fuskar wuta, injunan gida suna cin wat 1,400 zuwa sama da 2,000, kuma sukan ja fiye da haka a lokacin tashi. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke su ba. Har ila yau a duba rubutun da ke jikin injin da aka shigo da shi na hannu, domin na Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, ta Nijeriya kuwa 230 ce. In aka jona kai tsaye zai ƙone. Injin kuma ba ya son ƙishirwa: idan ya yi aiki babu ruwa, famfonsa yakan lalace. Wanda ruwansa daga tankin sama yake zuwa ya bar ruwa ya ratsa injin har iska ta fita kafin ya kunna, ya kuma sa matata a mashigar ruwa saboda yashi. Idan injin ƙarami ne kumfa ba ta yin kauri, akwai 'yar kafa mai faɗin milimita 1.1 da ake musanya ta ainihin da ita. Abu na ƙarshe, bakin bindigar kowane kamfani dabam yake, saboda haka mai sayen igwa ya tafi kanti da bindigar injinsa a hannu, a gwada a gabansa.

HATTARA

Ruwan da ke fita daga wannan inji ba abin wasa ba ne. Yana iya tsaga fata ya cusa datti cikin nama, raunin ya zama ɗan ƙarami a ido alhali ɓarnar tana ciki. Duk wanda hakan ta same shi ya tafi asibiti nan da nan. Kada a nuna bindigar ga mutum ko dabba, kada a wanke ƙafa da ita, kada kuma a bar ta a hannun yara. A sa takalmi, a ɗaga mahaɗar waya daga ƙasa inda ruwa ba zai kai ba, domin ruwa da lantarki ba sa ga maciji.

Ga motar kanta, a bar tazarar da ba ta gaza santimita 30 ba tsakanin bakin bindiga da fenti ko taya. Injunan da ke zuwa da kawuna masu launi, fari da kore su ne na mota, domin suna baza ruwa. Ja kuwa yana tsuke ruwa ya zama kamar tsinke, bai kamata ya kusanci mota ba sam. A yi hankali da inda fenti ya riga ya fashe, da motar da aka sake wa fenti a gareji, domin ruwa yana iya shiga ƙarƙashi ya ɗaga shi. Injin mota kuma, musamman na zamani mai cike da wayoyi da na'urori, a bar wa wanda ya san aikin. Amma ƙarƙashin mota da cikin madigadi suna son ɗauraya da damina, balle a Legas da Fatakwal inda danshi da iskar teku ke gaggauta tsatsa.

Sai maganar inda ruwan wankin ke tafiya. Yana ɗauke da sabulu da baƙin mai da ƙurar birki. A ƙasar Jamus, inda injin nan ya yi suna, doka ta hana barin irin wannan ruwa ya nutse cikin ƙasa ya gurɓata ruwan da ke ƙarƙashi, garuruwa da yawa kuma sun hana wanke mota a bakin titi. A nan gida, inda rijiya ke tsakar gidaje da yawa, hankali ma ya isa ya hana mutum wanke mota kusa da ita. Haka nan ba daidai ba ne a saki ruwa ya kwanta a ƙofar maƙwabci, ya zama taɓo da matattarar sauro.

WA YA KAMATA YA SAYA?

Wanda yake da wadataccen ruwa, da wuta, da daɓen siminti mai magudana, da mota mai duhun launi da yake son ta daɗe, igwar kumfa za ta yi masa amfani, za ta kuma rage masa wahala. Wanda ba shi da waɗannan kuwa bai yi asarar komai ba. Famfon feshi na hannu irin na manoma, sabo wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ko na ciyawa ba, zai jiƙa mota da ruwan sabulu, a bari ya ɗan jima, a kwarara ruwa da buta ko moɗa, sa'an nan a shiga wankin bokiti biyu. Kuɗin bokiti na biyu da safar hannu bai taka kara ya karya ba, su ne kuwa suke ɗauke da mafi yawan amfanin.

Mai kai motarsa wurin masu wanki shi ma yana da abin dubawa. Wurare da yawa yanzu sun sayi igwa, suna lulluɓe mota da kumfa har mai ita ya ji daɗin biyan kuɗi. To, ya dubi abin da ke biyo bayan kumfar. Idan soso ɗaya ne ke bin taya da ƙofa, idan bokiti ɗaya ne tun safe ake tsomawa, idan tawul a ƙasa ake yar da shi a sake ɗauka, kumfar ado ce kawai.

A yawancin gidaje kuma ba mai motar ne ke wanke ta ba. Saboda haka sayen na'ura ba zai wadatar ba sai mai gida ya ware safiyar Asabar ɗaya, ya tsaya tare da direbansa ko yaronsa, ya nuna masa zanen da ke kan bonet a cikin rana, ya nuna masa yashin da ya kwanta a gindin bokiti, ya gaya masa dalili. Yaron bai yi da mugunta ba, abin da ya ga ana yi ne yake yi. Ran da ya gane cewa ba a ɗora tsumma a kan ƙura, daga ranar fentin motar ya sami mai tsaronsa.